Auna Ƙananan Kusurwoyi da Igiyar Haske: Tambayoyi da Amsoshi

Wace irin kusurwa ake nufi idan aka ce ƙarama?

Da'ira tana da digiri 360, kowane digiri an raba shi minti 60, kowane minti kuma an raba shi daƙiƙa 60, saboda haka digiri ɗaya yana ɗauke da daƙiƙar kusurwa 3,600. Cikakken wata a sama yana cin kimanin rabin digiri, wato daƙiƙa 1,800 ko kusa da haka, kuma lafiyayyen idon ɗan Adam ba ya iya raba abubuwa biyu da tsakaninsu bai kai minti ɗaya ba. Daƙiƙa ɗaya ita ce girman da abu mai faɗin santimita ɗaya yake da shi idan aka hange shi daga nisan kilomita biyu da 'yan kai.

Aikin da ake magana a kansa a nan yana farawa ne can ƙasa da wannan. Masana taurari suna lissafi da milidaƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, da kuma maikurodaƙiƙa, kashi ɗaya cikin miliyan. Mutum mai tsayin kusan mita biyu da yake kwance a kan wata, idan aka dube shi daga duniya, girmansa milidaƙiƙa ɗaya ne. Maikurodaƙiƙa 10 kuwa ita ce girman abu mai santimita biyu a wannan nisan na kilomita 384,000. Tauraron Betelgeuse, wanda yake cikin taurarin da suka fi kowanne faɗi a idon mai kallo daga duniya, faɗinsa bai wuce milidaƙiƙa 40 zuwa 50 ba, shi kuwa Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare kuma aka ambace shi a Suratun Najmi, kimanin milidaƙiƙa 6 ne.

Mene ne intaferomita, kuma ta yaya haske yake zama ma'auni?

Haske yana tafiya ne a matsayin igiya mai tudu da kwari, kuma nisan da ke tsakanin tudu da tudu shi ne zangonsa, kamar yadda masu sauraron rediyo suka san gajeren zango da matsakaicin zango. Bambancin kawai shi ne ƙanƙanta: zangon hasken da ido yake gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan aka raba haske gida biyu, kowane kashi ya bi hanyarsa, sannan aka sake haɗa su wuri guda, abin da zai faru ya dogara ga bambancin tsawon hanyoyin nan biyu. Inda tudu ya gamu da tudu haske yana ƙaruwa, inda tudu ya faɗa cikin kwari kuwa sai su kashe juna duhu ya bayyana. Duk wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi ya ga yadda zobban ruwan suke ratsa juna, wani wuri ruwa ya yi tsalle wani wuri ya kwanta, ya ga ainihin abin. A kan allo ko na'urar ɗaukar hoto sakamakon yana fitowa ne ratsi-ratsi, haske da duhu a jere, kamar yadda Thomas Young ya nuna a Ingila a farkon shekarun 1800.

Intaferomita na'ura ce da take haifar da waɗannan ratsi domin a ƙirga su. Idan hanya ɗaya ta ƙaru da zango guda cif, ratsin gaba ɗaya zai gusa da matsayi guda, kuma na'urorin lantarki na yau suna iya gane gusawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ratsi guda ba. Da haka haske ya zama ma'aunin tsawo mai layukan da suka fi na kowane ma'aunin ƙarfe siranta nesa ba kusa ba.

To tsawo ne ake aunawa, ina kusurwa ta shigo?

Dabarar duka tana nan, kuma duk sauran bayanin da zai biyo baya reshenta ne: ba a auna kusurwa kai tsaye, ana mayar da ita tsawo ne sannan a ƙirga tsawon da zangon haske. A ɗauka an girka madubai biyu a fili, tsakaninsu mita 100. Idan tauraro yana tsaye daidai saman kawunansu, haskensa zai iso gare su lokaci guda. Idan ya karkata ko da ƙanƙani ne zuwa gefe ɗaya, hasken zai riga isa madubi ɗaya, kuma ƙarin tafiyar da ya yi kafin ya isa na biyun daidai take da tazarar madubai sau girman karkatar. Karkata ta maikurodaƙiƙa 10 a kan tazarar mita 100 tana haifar da bambancin tafiya na kimanin nanomita 5. Wanda ya iya auna nanomita 5 ya auna wannan kusurwar ke nan, kuma duk lokacin da aka ninka tazarar, mafi ƙanƙantar kusurwar da za a iya ganewa tana raguwa zuwa rabi.

Auna faɗin tauraro yana bin wata hanya kaɗan daban. Tauraro ba ɗigo ba ne, faifai ne, kuma kowane gefe nasa yana aiko da nasa jerin ratsi wanda ya ɗan goce daga na ɗayan gefen. Idan madubai suna kusa da juna gocewar ba ta da yawa, ratsi suna fitowa tas. Yayin da ake nisanta madubai, hasken ratsin wani gefe yana faɗawa cikin duhun ratsin wani gefen, kaifinsu yana raguwa, har a kai tazarar da za su shafe gaba ɗaya. Ga faifai mai haske bai ɗaya, faɗin kusurwarsa shi ne zangon haske sau 1.22 a raba da tazarar da ratsi suka ɓace. Abin lura a nan shi ne ba a ga faifan tauraron da ido ba ko sau ɗaya, ɓacewar ratsi ce ta ba da labarinsa.

Me ya sa ba za a gina ƙaton madubi guda a huta ba?

Kaifin ganin kowace na'urar hangen nesa yana da iyaka da yanayin haske kansa ya gindaya, wato zango a raba da faɗin madubi. Madubi mai faɗin mita 8.2, idan yana aiki da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, mai zangon maikuromita 2.2 (maikuromita kashi ɗaya ce cikin miliyan na mita), ba zai raba abin da ya gaza milidaƙiƙa 55 ba ko da an goge shi ba aibi ko ɗaya. Madubai biyu irinsa da aka nisanta da mita 130 suna kai wa milidaƙiƙa 3 zuwa 4. Domin madubi guda ya yi wannan sai faɗinsa ya kai mita 130, alhali mafi girman da ake ginawa yanzu, a kan dutsen Armazones na ƙasar Chile, mita 39 ne, kuma shi ma guntaye 798 aka harhaɗa. Sai dai intaferomita kaifin gani kawai yake ba da na ƙaton madubi, ba ya ba da yawan hasken da ƙaton madubi zai tara, shi ya sa ya daɗe yana aiki a kan taurari masu haske kaɗai.

Wa ya fara yin wannan aiki?

Masanin Faransa Hippolyte Fizeau ne ya ba da shawarar a 1868. Édouard Stephan ya gwada ta a Marseille a 1873 da 1874, inda ya rufe bakin madubi mai santimita 80 ya bar kafofi biyu. Ratsi ba su ɓace a kan ko tauraro ɗaya ba, abin da ya nuna masa cewa duk taurarin da ya duba sun gaza daƙiƙa 0.158 a faɗi. Wannan sakamako ne na gaske ko da bai ba da girman kowa ba. A 1891 Albert Michelson ya auna faɗin manyan watanni huɗu na duniyar Mushtari da wannan hanya a cibiyar Lick da ke Kalifoniya. Shi ne mutumin da ya yi wani shahararren gwaji a kan tafiyar haske a 1887 tare da Edward Morley a Cleveland ta Amurka, ya kuma samu lambar Nobel a 1907.

Aikin da ya buɗe ƙofa ya zo ne a daren 13 ga Disamba, 1920, a kan dutsen Wilson kusa da Los Angeles. Michelson da Francis Pease sun ɗora ƙarfe mai tsawon ƙafa 20, kimanin mita 6, a bakin madubin Hooker mai inci 100, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya. A kan ƙarfen akwai ƙananan madubai huɗu: biyu na waje suna kama hasken tauraro su tura shi ga biyu na ciki, su kuma su saukar da shi cikin babban madubin. A daren, Pease ya juya na'urar ga Betelgeuse, madubai na waje suna da tazarar inci 121, wato mita 3 da 'yan santimita, sai bai ga ratsi ba. Rashin ganin abu ba hujja ba ne da kansa, domin na'ura da ta goce ma za ta hana ratsi fitowa. Saboda haka ya juya ga wasu taurari ba tare da ya canja tazarar ba, ratsi suka fito a kansu, sannan ya tabbata cewa faɗin Betelgeuse ne ya shafe su. Da aka ɗauki zangon nanomita 575 aka yi lissafi, amsa ta fito daƙiƙa 0.047. Da nisan da aka ƙiyasta wa tauraron a wancan zamani, wannan ya ba da faɗin mil miliyan 240, kusan girman kewayen da duniyar Mars take yi wa rana. Shi ne karo na farko da aka auna faɗin wani tauraro ban da rana.

Idan an yi nasara tun 1920, me ya sa aka yi shekaru da yawa ba wani ci gaba?

Taurarin da ƙarfen mita 6 zai iya aunawa ba su kai goma ba. Pease ya gina na ƙafa 50, amma dogon ƙarfe yana lanƙwasa yana rawa, kuma ratsin da ake bi da ido tsirara ba sa tsayawa wuri guda, saboda haka bai ba da sakamakon da aka yi fata ba.

Mafita ta farko ta fito ne daga masana rediyo. Robert Hanbury Brown da Richard Twiss sun nuna cewa ba dole ba ne a haɗa hasken kansa. Ana iya sa wa kowane madubi na'urar da take mayar da haske lantarki, sannan a kwatanta yadda ƙarfin hasken yake rawa cikin sauri a wurare biyun. A 1956 sun gwada wannan a kan Shi'ira a Jodrell Bank ta Ingila da madubin fitilun da sojoji suke haska jiragen sama da su. Masana kimiyyar lissafin haske da dama sun ƙi yarda da farko, suna ganin abin ya saɓa wa ƙa'ida, amma gwaji ya tabbatar da shi. Daga nan aka gina na'urar Narrabri a Ostiraliya, madubai biyu masu mita 6.5 da suke tafiya a kan dogo mai da'ira wanda faɗinsa ya kai mita 188, kuma zuwa farkon shekarun 1970 ta auna faɗin taurari 32. Hanyar ba ta damu da rawar iska ba, amma tana cin haske sosai, taurari masu zafi da tsananin haske kawai take iya kamawa. Kwanan nan an farfaɗo da ita a kan madubai da aka gina domin wani aikin daban, kamar VERITAS a Arizona da H.E.S.S. a Namibiya.

A 1974 Antoine Labeyrie ya haɗa hasken tauraron Vega daga na'urorin hangen nesa guda biyu masu zaman kansu, tsakaninsu mita 12, a birnin Nice na Faransa. Daga wannan gwaji ne dukkan manyan cibiyoyin yau suka samo asali, domin ya nuna cewa ba sai an ɗaure madubai a jikin ƙarfe guda ba.

Ina ake wannan aiki a yau, kuma wace hanya hasken yake bi?

Cibiyoyi biyu ne suka fi fice. Ta farko ita ce VLTI ta Hukumar Binciken Taurari ta Turai, a kan dutsen Paranal cikin hamadar Atacama ta Chile, mai manyan madubai huɗu masu mita 8.2 da ƙanana huɗu masu mita 1.8 waɗanda ake iya matsar da su daga wuri zuwa wuri, har tazara ta kai kusan mita 200. Ta fara ganin ratsi a 2001. Ta biyu ita ce CHARA ta Jami'ar Jihar Georgia, a kan dutsen Wilson inda Michelson ya yi aikinsa, mai madubai shida masu mita ɗaya-ɗaya, mafi nisan tazararsu mita 331, wanda yake ba ta damar raba kimanin milidaƙiƙa 0.2 a hasken da ido yake gani. Manyan madubin Keck guda biyu na Hawaii ma sun yi aiki tare a tazarar mita 85 daga 2001 zuwa 2012.

Wahalar tana cikin tafiyar hasken. Ratsi ba sa fitowa sai hanyoyin biyu, tun daga tauraro har wurin haɗuwa, sun daidaita zuwa 'yan maikuromitoci. Amma duniya tana juyawa, tauraro yana gusawa daga gabas zuwa yamma, kuma a tazarar mita 100 bambancin tafiyar yana iya canjawa da kusan milimita 7 a kowace daƙiƙar agogo. A Paranal hasken kowane madubi yana sauka ƙarƙashin ƙasa zuwa wani dogon rami inda zafi ba ya sauyawa sosai. A can akwai kekuna masu ɗauke da madubai, kowanne a kan dogonsa mai tsawon kimanin mita 60. Haske yana zuwa ya doki madubin keken ya dawo, saboda haka idan keken ya ja baya da mita ɗaya tafiyar hasken ta ƙaru da mita biyu. Duk tsawon dare kekunan suna tafiya a hankali suna biyan bashin juyawar duniya, hasken lesa yana auna matsayinsu ba tsayawa, wani ƙaramin madubi mai saurin motsi kuma yana gyara abin da ya rage. A CHARA hasken yana bi ta cikin bututun da aka zuƙe iskarsu, domin kada ɗumin ƙasa ya dagula shi kafin ya isa ɗakin haɗawa.

Iskar sama ba ta lalata awon?

Ita ce babbar abokiyar gaba. Iska mai ɗumi da mai sanyi ba sa jinkirta haske daidai, kuma suna cakuɗuwa ba tsayawa, shi ya sa taurari suke ƙyaftawa kuma hoton da aka ɗauka daga ƙasa yake bajewa da kimanin daƙiƙar kusurwa ɗaya. A kan madubai biyu masu nisa da juna iskar ba ɗaya ba ce, saboda haka ratsi suna tsalle gaba da baya da nisan zango da yawa, kuma ba sa zama wuri guda fiye da 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙar agogo. Magani iri uku ake haɗawa. Ana sa madubi mai lanƙwasa kansa sau ɗaruruwa a daƙiƙa domin ya miƙe igiyar hasken a kowace na'ura. Ana sa na'urar da take bin ratsi tana riƙe su, sau da yawa ta hanyar kallon wani tauraro mai haske da ke kusa da abin da ake nazari. Sannan ana karkata zuwa infirared, inda zango ya fi tsawo kuma iska ta fi haƙuri, ko da yake hakan yana rage kaifin gani kaɗan.

Shin intaferomita yana ɗaukar hoto?

Ba kamar yadda kyamara take ɗauka ba. Madubai biyu suna ba da lamba ce: kaifin ratsi a tazara guda, ta fuska guda. Madubai huɗu suna ba da tazara 6 a lokaci guda, shida suna ba da 15, kuma juyawar duniya tana sauya tsawo da fuskar kowace tazara cikin dare, ta ƙara yawan lambobin. Matsayin ratsi, wanda shi ne yake nuna ko abu ya fi haske a wani gefe, iska tana lalata shi. Amma Roger Jennison ya nuna a 1958, a fagen rediyo, cewa idan aka tara matsayin ratsi na tazara uku da suka kewaye madubai uku, kuskuren iska yana soke kansa, abin da ya rage na tauraro ne zalla. Da wannan ne na'urar COAST ta Cambridge ta fitar da hoton tagwayen taurarin Capella daga awon da ta yi a 1995.

Saboda haka hoton da ake bugawa kwamfuta ce ta gina shi, ta hanyar neman sura mafi sauƙi da ta dace da lambobin da aka auna. Wannan ba ya nufin ƙage ne, amma ya kamata mai karatu ya san cewa manyan siffofi sun fi ƙananan ɗige-ɗige abin dogaro, kuma a ganina darajar wannan fanni ta fi yawa a lambobin da yake bayarwa fiye da hotunan da jaridu suke so.

Me aka gano da shi wanda ba a sani ba a da?

A 2003 VLTI ta nuna cewa tauraron Achernar ba dunƙulalle ba ne, faɗinsa a tsakiya ya fi na tsaye da kusan rabi saboda tsananin saurin juyawarsa. A 2007 CHARA ta fitar da hoton fuskar Altair, wanda yake zagaya kansa cikin kimanin awa 9, aka ga tsakiyarsa ta kumbura ta kuma fi samansa da ƙasansa duhu. A 2009 da 2010 ta bi yadda wani faifan ƙura mai duhu yake ratsa gaban tauraron Epsilon Aurigae, abin da yake dusashe shi duk bayan shekara 27 kuma aka daɗe ana muhawara a kan dalilinsa.

Sakamako mafi nauyi ya fito ne daga GRAVITY, na'urar da take haɗa manyan madubai huɗu na Paranal tun 2016. A tsakiyar babban tarin taurarin da rana take cikinsa, a nisan tafiyar haske ta shekara kusan 27,000, akwai baƙin rami, wato dunƙulen da ƙarfin jansa ba ya barin ko haske ya kuɓuta, mai nauyin rana sau miliyan huɗu da 'yan kai, kuma wani tauraro da ake kira S2 yana kewaya shi duk shekara 16. A watan Mayu na 2018 S2 ya zo mafi kusa da ramin, nisan da ya kai na duniya da rana sau 120, yana gudun kimanin kilomita 7,700 a daƙiƙa. GRAVITY ta bi matsayinsa da daidaiton 'yan gomiyoyin maikurodaƙiƙa, har ana iya ganin gusawarsa daga dare zuwa dare. Da aka haɗa wannan da awon launin haskensa, sai aka ga hasken ya karkata zuwa ja gwargwadon abin da nazariyyar Einstein ta faɗa, kuma a 2020 aka tabbatar cewa kewayen nasa ba ya rufewa wuri guda, yana juyawa a hankali kamar yadda nazariyyar ta yi hasashe. Reinhard Genzel, jagoran ƙungiyar da ta yi wannan bincike, ya raba rabin lambar Nobel ta 2020 da Andrea Ghez, wadda ta yi nata binciken a kan wannan baƙin rami da madubin Keck. A 2019 kuma GRAVITY ta kama hasken HR 8799e, karo na farko da aka ga duniyar wani tauraro kai tsaye da wannan hanya.

Mene ne amfanin sanin faɗin tauraro?

Faɗin kusurwa idan aka haɗa shi da nisa yana ba da girman tauraro na zahiri, idan aka haɗa shi da yawan hasken da yake isowa kuma yana ba da zafin fuskarsa ba tare da dogaro ga ƙiyasi ba. Da waɗannan ake gwada lissafin da masana suke yi game da rayuwar taurari. Haka nan girman duniyar da take ratsa gaban tauraronta ana sanin sa ne gwargwadon girman tauraron, saboda haka kuskuren kashi 5 cikin ɗari a tauraro kuskuren kashi 5 ne a duniyar, wanda zai iya sauya hukunci tsakanin dunƙulen dutse da mai lulluɓin iska mai kauri.

Hoton baƙin rami na 2019 da wannan hanya aka yi shi?

Ƙa'idar ɗaya ce amma ba da hasken gani aka yi ba. An yi amfani da igiyar rediyo mai zangon milimita 1.3 da tasoshin da suka bazu a faɗin duniya, aka ga zobe mai faɗin maikurodaƙiƙa 42 a tsakiyar tarin taurarin M87. A rediyo kowace tasha tana naɗe igiyar tare da lokacin agogon atom, daga baya a kai faifan ajiya wuri guda kwamfuta ta haɗa su. Hasken gani yana kaɗawa kusan sau tiriliyan 500 a daƙiƙa, babu na'urar da take naɗe tudu da kwarinsa yadda za a haɗa daga baya, dole a kawo shi da kansa ta madubai ko zaren gilashi. Wannan ne ya sa tazarar rediyo take kai dubban kilomitoci, ta haske kuwa ta tsaya a ɗaruruwan mitoci.

Ban da taurari, ana amfani da shi a ƙasa?

Ana yi kullum a masana'antu da ɗakunan awo. Injin yanka ƙarfe yana da teburi da yake tafiya a kan dogo, kuma idan dogon ya ɗan lanƙwasa teburin zai riƙa sunkuyawa ko waigawa da 'yan daƙiƙoƙi, wanda ya isa ya ɓata kayan da ake ƙerawa. Domin auna wannan ana raba hasken lesa ja mai zangon nanomita 633 zuwa layi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, su doki tagwayen madubai masu mayar da haske da aka ɗaure a kan teburin. Idan teburin ya tafi miƙe, hanyoyin biyu suna ƙaruwa daidai, ratsi ba sa motsi. Idan ya karkata, ɗaya ya matso ɗaya ya ja baya. A tazarar milimita 30 tsakanin madubai, karkatar daƙiƙa ɗaya tana raba su da nanomita 145, wanda ya zama 290 da yake haske yana zuwa ya dawo, kusan rabin ratsi ke nan, abu mai sauƙin ƙirgawa. Da yake layukan biyu suna ratsa iska kusan ɗaya, yawancin kuskuren zafi da matsin iska yana soke kansa. Iyakarta ita ce canjin kusurwa take aunawa daga inda aka fara, ba ta san inda miƙe na ainihi yake ba, kuma idan wani ya gitta ya tare hasken ƙirgar ta ɓace sai a sake daga farko.

Akwai kuma na'urar gane juyawa ta jiragen sama, wadda take aika haske ta fuskoki biyu masu kishiyantar juna a cikin zobe, bisa abin da Georges Sagnac ya nuna a 1913. Na'urar Hubble da ke sararin samaniya ma da ƙananan intaferomita take riƙe saitinta a kan tauraro ba tare da gocewa fiye da daƙiƙar kusurwa 0.007 ba.

Ɗalibi zai iya ganin wannan da idonsa?

Zai iya, da gilasai biyu masu santsi irin na madubin duba ƙwayoyin cuta. A wanke su tas, a ɗora ɗaya kan ɗaya, a saƙala silin gashi guda a tsakaninsu daga gefe ɗaya, ɗayan gefen kuma a matse shi, sai siririyar iska mai siffar tsinin gatari ta samu a tsakani. A ƙarƙashin haske mai launi ɗaya, kamar jan lesa da aka baza ta cikin farar takarda, za a ga ratsi a jere, kuma kowane ratsi yana nuna cewa kaurin iskar ya ƙaru da rabin zango. Idan gashin yana da kaurin maikuromita 70 kuma yana nisan santimita 7 daga gefen da aka matse, kusurwar kimanin daƙiƙa 200 ce, ratsi kusan 220 za su jeru, kusan uku a kowace milimita, saboda haka sai an sa gilashin ƙara girma. A danna gilashin da yatsa a hankali za a ga ratsin suna gudu. Kada a taɓa kallon bakin lesa kai tsaye.

Ina kuskure yake ɓoyewa a irin wannan awo?

Na farko yana cikin kaifin ratsi, domin rawar na'ura da iska ma suna rage shi, kuma ba a iya bambance wannan da faɗin tauraro sai an riƙa komawa kan wani tauraro na gwaji wanda aka san girmansa ko kuma ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Idan tauraron gwajin ya zamana tagwaye ne ba a sani ba, duk awon daren ya gurɓata. Na biyu yana cikin zaton da ake yi game da tauraron: gefensa ya fi tsakiyarsa duhu, saboda haka lissafin faifai mai haske bai ɗaya yana rage masa girma da 'yan kaso cikin ɗari, kuma tauraro irin Betelgeuse ba shi da gefe tsayayye, faɗinsa yana bambanta gwargwadon zangon da aka dube shi da shi. Na uku, ga masu auna matsayi, shi ne sanin ita kanta tazarar, domin tazarar mita 130 dole a san ta zuwa ƙasa da milimita ɗaya kafin a amince da maikurodaƙiƙa.

Babbar iyaka har yanzu ita ce ƙarancin haske. Hasken tauraro yana dukan madubai da yawa kafin ya isa wurin haɗuwa, kowanne yana cin nasa kaso, har abin da yake isa bai wuce 'yan kaso cikin ɗari ba, kuma ana buƙatar tauraro mai haske a kusa domin riƙe ratsi. Aikin GRAVITY+ na Paranal yana fuskantar wannan ne ta hanyar sabunta madubai masu lanƙwasa kansu da kuma sa wa kowanne daga cikin manyan madubai huɗun lesa, wadda take haska ƙwayoyin sodiyam a nisan kimanin kilomita 90 sama ta ƙirƙiri ɗigon haske da na'urar gyaran iska za ta kalla a inda babu tauraro mai isasshen haske.